Na samo kakan surukata a takardar jirgin ruwa, masu shafin binciken asali kuma sun kwashe min kuɗi

Tauraro uku na ba su, da farko biyar na yi niyya wallahi.

Matata 'yar birnin Dearborn ce a Amurka, asalinsu Kwara ne daga Labanan, surukata kuma kullum zancenta ɗaya, wai kakanta ya shigo Amurka ta Ellis Island, tsibirin New York da a da ake tantance masu ƙaura zuwa ƙasar, yana saurayi amma ba wanda ya san shekarar balle jirgin. Da jiki ya fara matsa mata sai na ce bari in faranta mata, na yi rajista da wani shafin binciken asali mai gwajin kyauta na sati biyu.

Kwana huɗu ina buga sunan bawan Allahn nan, shiru kake ji. Ashe ni ne nake ta sa Labanan a gurbin ƙasa, alhali lokacin yankin yana hannun Turkawa, su Turkiyya suke rubutawa, a ƙabila kuma su sa mutumin Siriya. Ga wanda ya kwafo sunan daga rubutun hannu ya mai da H ta koma K, sai da na bar haruffan ƙarshe kawai sannan ya fito, 1910.

Abin da ya kashe min jiki shi ne wani ɗan gurbi a gefen takardar fasinjojin jirgin. Tun daga 1907 ana rubuta sunan ɗan'uwa mafi kusa da mutum ya baro a gida, shi kuwa mahaifiyarsa ya faɗa, har da ƙauyensu. Na kai wa Mama wayar har gado na buɗo mata rubutun da yatsa, ta daɗe tana kallo sannan ta ce ai sunana ne wannan. Ashe takwararta ce, shekara saba'in da 'yan kai ba wanda ya taɓa gaya mata. Har ni sai da na share ƙwalla.

To amma sati biyu na cika suka zare kuɗin shekara guda cur daga katina, ko saƙon tuni babu, wurin soke rajistar kuma sun ɓoye shi kamar allura a ruwa. Imel uku na tura, amsa ɗaya suke maimaita min. Sai daga baya ma wani abokin aikina yake ce min ai shafin gidauniyar Ellis Island kyauta ake neman suna, na duba, ga mutumina nan.

Kai, na mai da shi tauraro biyu. Yau kwana tara ke nan ina jiran kuɗina.