Murɗa sandar wuya ko rage ƙashin jaki: wanne ne maganin wayoyin jita da suka yi sama?

Ɗan'uwa, tsakanin hanyoyi biyun da ka tambaya, wato murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuyan jita da kuma rage farin ƙashin nan da wayoyi suke hawa a kan jaki (ɗan katakon da ke manne a fuskar jita, inda wayoyi suke kamawa), shawarata ita ce ka ajiye alanki, wato makullin da ake murɗa sandar da shi, a gefe ka nemi sanfefa. Na gwada dukansu, ɗaya a kan jitar da nake kaɗawa har gobe, ɗaya kuma a kan wadda har yanzu nake takaicin kuɗin da na zuba mata.

Kafin ka taɓa komai sai ka auna, domin ciwon yatsa kaɗai ba ya nuna inda matsalar take. Ana awon ne a gaɓa ta 12 (gaɓoɓi su ne ƙananan ƙarafan da ke gicciye a kan wuyan jita, ana ƙirga su daga kan jitar), daga saman ƙarfen gaɓar zuwa ƙasan waya, bayan an saita sautin jitar daidai. A jita mai wayoyin ƙarfe, abin da yawancin masu gyara suke nema shi ne kusan milimita 2.5 a ƙarƙashin waya mafi kauri, da kusan milimita 2 a ƙarƙashin mafi siranta. Idan ba ka da rula mai ƙananan layuka, katin ATM zai wadatar, tunda kaurin kowanne milimita 0.76 ne. Kati uku idan suka shiga cif ƙarƙashin babbar waya, jitarka lafiya lau take, yatsunka ne ba su yi kanta ba tukuna. Idan huɗu suka shige har da sarari, akwai aiki.

Tawa, Yamaha F310 ce, kuma kati huɗu ta ci a wani watan Agusta da aka yi kusan mako guda ana yayyafi a Jos babu rana. Katakon fuskar jita yana shan laima ya kumbura, sai ya ɗaga jaki sama, jaki kuma ya tafi da wayoyi. Wani dattijo da ya daɗe yana gyaran kayan kiɗa ne ya zaunar da ni ya nuna mini lissafin, kuma lissafin mai sauƙi ne: gaɓa ta 12 tana daidai tsakiyar tsawon waya, saboda haka duk abin da kake son ragewa a wurin, ninkinsa za ka cire daga ƙashin jaki. Ni kaurin kati ɗaya nake son saukewa, don haka milimita ɗaya da rabi muka auna daga gindin ƙashin, ya ja layi da fensir mai tsini kewaye da shi. Sai ya shimfiɗa sanfefa a kan wani guntun gilashin taga, ya riƙe ƙashin a tsaye tsakanin yatsu uku, ya shiga gogawa gaba da baya a hankali, yana juya shi bayan 'yan gugu kaɗan don kada gefe ɗaya ya fi cinyewa. Kafin ya kai layin sau biyu yana tsayawa, ya mayar da ƙashin, ya ɗaure wayoyi, ya miƙo mini in kaɗa. A karo na uku na kama kod ɗin F (kod shi ne danne wayoyi da yawa a kaɗa su tare), wanda a da sai na matse har jijiyar hannuna ta tashi, na ji duka wayoyi shida sun fito tas. Ban tashi daga bencin nan ba sai da aka kira magariba.

Abubuwa biyu ya nanata mini, kuma na ga amfaninsu daga baya. Gindin ƙashin ake gogewa, ba samansa ba, domin saman yana da lanƙwasar da ta dace da wuyan jitar, kuma dole gindin ya fito a miƙe sumul, musamman idan akwai na'urar ɗaukar sauti a ƙarƙashinsa, in ba haka ba wata waya za ta yi ƙara a lasifika wata ta yi shiru. Na biyun kuwa ya shafi garin nan namu ne kai tsaye. Jita ta fi son laimar iska ta kasance tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa damina tana wuce hakan nesa, hunturu kuma ya zo ya busar da komai. A watan Janairu fuskar jitar za ta lotsa, wayoyi su sauko da kansu, kuma wanda ya goge ƙashinsa har ƙasa a damina zai tarar da su suna dukan ƙarafan gaɓa suna ziza. Saboda haka sabon ƙashi na saya muka goge, na asalin kuma na adana shi a aljihun jakar jitar, idan sanyi ya kama sai in mayar da shi. Wannan shi ne babban abin da ya sa na fifita wannan hanya: idan ka yi kuskure, asararka ƙashi ɗaya ce mai araha.

Sandar wuya kuwa, ban ce ba ta da amfani ba, amma ba don wannan aiki aka sa ta ba. Wayoyi shida masu lamba 12 (lambar da ke nuna kaurin wayoyi) suna jan wuya da nauyin da ya kai kusan kilo 70, ita kuma sandar tana nan ne don ta hana wuyan gantsarewa kamar baka. Ka danne babbar waya a gaɓa ta 1 da ta 14 a lokaci guda, ka duba sararin da ya rage a gaɓa ta 7. Idan bai wuce kaurin siririyar wayarka ba, wuyan yana daidai, kada ka kusanci sandar. Idan ya fi haka ƙwarai, ka sassauta wayoyi, ka juya alanki zuwa dama kwata ɗin zagaye kawai, ka bar jitar ta kwana, sa'annan ka sake aunawa, kuma wannan ake fara yi kafin a goge ƙashi. Da zarar ta yi tauri, ka tsaya. Ni ban tsaya ba a kan jitata ta farko, na yi ta murɗawa ina jiran wayoyi su sauko har kan sandar ya cinye, alanki ya riƙa juyawa a banza.

Wannan jitar ta farko ce ta sa zan ƙara maka abin da ba ka tambaya ba. A wani shago na saye ta a cikin gari, an liƙa mata sunan wani babban kamfani a ka, mai shagon kuma ya miƙo mini ita da wayoyi a sassauce, na taɓa na ji laushi kamar auduga. Sai da na je gida na ɗaure ta zuwa sautinta na gaskiya na ga wayoyin sun tashi har ɗan yatsa yana neman shiga ƙarƙashinsu. Wannan dabara tana nan har yanzu, don haka kada ka biya kuɗin jita, sabuwa ko ta hannu, sai an saita ta a gabanka ka auna da katinka. Ka leƙa ta ramin sauti ka karanta takardar da ke ciki, ka gwada cusa gefen takarda a bayan jaki don ka ga ko ya fara ɗagowa daga jikin katako. Akwai kuma masu ɗaura wayoyin ƙarfe a kan jitar da aka ƙera don wayoyin roba, wadda sau da yawa ba ta da sandar wuya ma sam, kuma irin wannan ba ta daɗewa wuyanta yake tafiya. Wanda ya ce maka jita za ta sauko da kanta idan ka saba da ita, kayansa yake son rabuwa da su.

Akwai halin da hanyoyin biyu duka ba za su yi maka komai ba. Ka dubi ƙashin jakinka da kyau: idan abin da ya fito sama da katako bai kai milimita 2 ba, alhali wayoyi suna sama, babu sauran abin gogewa, domin waya tana bukatar ta karyo da ɗan kusurwa a kan ƙashin kafin sauti ya shiga katako. Ka ɗora doguwar rula a kan gaɓoɓin wuya ka zura ta zuwa jaki. Idan bakinta ya sauka daidai saman katakon jakin, lafiya. Idan ya tunkuyi gefensa can ƙasa, mahaɗar wuya da jiki ce ta sunkuya, kuma cire wuya a sake dasa shi aiki ne da sau da yawa yakan fi kuɗin ƙaramar jita. A irin wannan hali sai dai ka sauya zuwa wayoyi masu lamba 10, waɗanda suka fi siranta, don yatsunka su ɗan huta, ka fara tara kuɗin wata.

Idan ba haka taka take ba, ka sayi ƙashi mai kauri da tsawo irin naka, na ƙashin gaske idan ka samu domin ya fi na roba fitar da sauti, ka haɗa da sanfefa mai lamba 150 ko 220, ka goge rabin abin da lissafi ya ba ka tukuna, ka ɗaura ka ji. Ka turo mana awon gaɓa ta 12 da na ta 7 kafin ka fara, in duba maka lissafin.