Lesin ɗin karatun Turanci a Aboabo: wata uku da sa ɗiyata

Ɗiyata tana aji huɗu na firamare, amma in an miƙa mata littafin Turanci sai ta bi layi da yatsa, baki na motsi, murya ba ta fita. Ban ga laifinta ba. A gida Hausa, a titin Kumasi Tonanci, a makarantar allo Larabci, a boko Turanci. Ga shi Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ta amince a koyar a makarantu, ɗan Zango kuwa ba a sassauta masa jarabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare saboda haka.

Maƙwabciyata ce ta nuna mini wani lesi a unguwar Aboabo ta Kumasi, bayan la'asar, Litinin zuwa Alhamis. Ranar farko na zauna a bakin ƙofa don in gani da idona.

Malamar takan karanta jimla, yara su maimaita gaba ɗaya, kamar yadda muke biya karatu gaban malam. Daga nan ta kasa su biyar-biyar a tabarma, ta ba su labarin Ananse, gizon Tonawa. Ɗaya ya karanta, ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya cinki abin da zai biyo baya, ɗaya ya nemo kalma mai wuya, na ƙarshe ya ba da labarin da Hausa. Wannan na ƙarshen ne ya saye ni. Mai haddar aku a nan asirinsa ke tonuwa. Wani yaro ya zuba shafi guda tiryan-tiryan, malama ta ce, "To, me Gizo ya sata?" Sai sosa ƙeya.

Akwai abin da bai yi mini ba. Littattafai sun yi kaɗan, yara uku kan guda, har bangon ya rabu. Masu bakin tsiya kan danne masu kunya. Na ce mata, "Malama, a riƙa juya aikin mana." Ta ce, "Hajiya, kin yi gaskiya," kuma ta gyara. Sannan sukan kai gab da magariba, ni kuwa ba na son yarinya a hanya lokacin.

Jiya ina tankaɗe, ta ɗauki gwangwanin Milo ta karanta mini bayansa da ƙarfi, ta yi tuntuɓe sau biyu, ta koma ta gyara da kanta. Na biya kuɗin wata na huɗu, ƙaninta ma na sa sunansa.