Kujerun da na gani a hoto, ashe kwamfuta ce ta jera su

Wata uku ina neman ciki da falo a Agege, Legas, don in ɗauko iyali daga Kano. Wani abokina a kasuwar Mile 12 ya haɗa ni da shafin wasu dillalan gidaje, masu ofis da lambar rajista, ba irin na bakin titi ba. Gaskiya suna ɗaukar waya, ba sa yi wa mutum yanga. Wannan kam na ba su.

Hoton gidan ne ya ja ni. Falo da kujeru ruwan toka, labule har ƙasa, talabijin a bango, rana tana shigowa ta taga. Nan take na tura wa maiɗakina, ita kuma ta nuna wa Hajiya, kafin la'asar duk dangi sun gani.

Na biya dubu biyar kuɗin duba gida, na sha cunkoson Pen Cinema. Yaron dillalan ya buɗe ƙofa, wayam. Ba rashin kujerun ne ya dame ni ba, wa ya taɓa ba ka haya da kujeru a kuɗin nan? Amma daidai inda doguwar kujerar take a hoto, bango ne da ya sha ruwa, fenti ya kumbura yana ɓarewa, ga warin danshi. Tagar kuwa katangar maƙwabci take kallo, da ka miƙa hannu za ka taɓa ta.

Na ce masa ina hasken ranar da na gani a hoto? Ya ce, "Alhaji, ai kwamfuta ce ta yi ado, an rubuta." Na duba, an rubuta ɗin, da Turanci, a ƙasan hoto na tara, rubutu kamar ƙafar tururuwa.

Da farko na ce to, sun faɗa, ni ne ban duba ba. Famfo yana kawo ruwa, mita ta kati ce, har na fara saukowa. Sai da na shiga mota raina ya sake ɓaci. Tumatir nake sayarwa, na san sunan wanda ke jera masu kyau a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Ka sa kujera don in ga girman ɗaki, babu laifi. Ka sa ta a kan danshi, algus ne.

Ƙanena ya nuna min cewa a jihar Kalifoniya ta Amurka, tun farkon 2026 doka ta tilasta wa dillali ya bayyana idan an taɓa hoto, ya kuma ba da hanyar ganin na asali. Ni da na roƙi na asalin, sai aka ce wanda ya ɗauka ba ya nan. An ce in kai ƙara LASRERA, hukumar Legas mai yi wa dillalai rajista, amma kuɗin mota zuwa ofishinsu a Alausa da asarar cinikin yini sun fi dubu biyar ɗin.

Tauraro biyu na ba dillalan nan. Jiya ma Hajiya ta kira tana tambaya ko labulen nan da shi za a ba mu gidan.