Wasiƙa daga Landan kan jaket ɗin fata da za a yi wa zane

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali da yaran shago, ga bayanin da ka nema game da jaket ɗin fata da kake son ka fara yi wa zanen fenti, da yadda kayan nan suke idan aka kwatanta su da namu na Kano.

Sabon jaket na fata ta gaske yakan haura fam 100 a manyan kantuna, shi ya sa masu wannan aiki suka fi neman gwanjo, ko dai a shagunan agaji irin na Oxfam, ko a kasuwannin Camden da Brick Lane, ko kuma a shafukan ciniki na intanet irin su eBay da Vinted. Ta fuskar tsari 'yan kasuwar Landan sun fi mu, domin yawancin riguna suna ɗauke da ɗan ƙyalle a ciki mai bayyana ko fata ce ko roba, kuma wanda ya sayi kaya ta intanet daga hannun kamfani doka ta ba shi kwana 14 ya fasa cinikin. Sai dai sanin fata ya yi musu ƙaranci. Idan ka tambayi mai tsaron shago fatar wace dabba ce, juya rigar zai yi ya karanta maka ƙyallen, alhali baduku a Ƙofar Wambai ko Kasuwar Kurmi da ya murza ta ya sansana zai gaya maka ta akuya ce ko ta tunkiya, jimar bagaruwa ce ko ta masana'antun Sharaɗa da Challawa.

Wadda ta fi dacewa da zane ita ce fatar saniya mai santsi da ɗan kauri. Fatar ɗan rago ta fi laushi da daɗin sawa, amma tana miƙewa, kuma duk inda fata ta miƙe fenti yakan tsage, musamman a gwiwar hannu da kafaɗa. Mai gashi-gashin nan kamar karammiski shanye fenti take yi, layin zane ba ya fita. Ta roba kuwa ka guje ta ko nawa arharta, domin idan ta tsufa samanta ɓarewa yake yi ya tafi da aikinka gaba ɗaya. Hanyar gane ta ita ce ka danna da yatsa: fata ta gaske takan yi ƙananan tamoji, kuma idan ka leƙa bakin ɗinki ta ciki za ka ga zaren fata, ba yadi ba. Ka kuma duba bayan rigar da kyau, saboda wadda aka yanka bayanta falle ɗaya ta fi wadda ɗinki ya ratsa tsakiyarta ba ka filin zane.

Fentin da aka fi amfani da shi a nan shi ne Angelus na Amurka, wanda ke lanƙwasa tare da fata. Kafin a shafa shi ana goge ƙyallin saman da auduga da ɗan asiton, wato ruwan da ake goge fentin farce da shi, sannan a riƙa shafa shi siriri-siriri, ana barin kowane shafi ya bushe, a ƙarshe a rufe da man kariya.

Abin da ke ci mini rai shi ne fatar jar akuyarmu, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, har yanzu jemammiya muke fitar da ita zuwa Italiya da Sifaniya, su kuma su ɗinka su ci ribar. Ina ganin idan hannun yaranka ya faɗa a kan gwanjo, ya kamata ka nemi tela ya gwada ɗinka jaket da fatar gida.

Gyara a nan tsada gare shi ƙwarai, har canjin zif kaɗai yakan kusa kuɗin tsohuwar rigar. Saboda haka waɗanda zan aiko maka masu lalataccen zif ne da yagaggen shafin ciki amma lafiyayyar fata, sai a gyara su a can wajenku. Ka sanar da ni girman da kake buƙata da launukan fentin da zan haɗo.