Jarrabawar Urdu ta aji 10 a Pakistan: haddar jagora ko bitar tsofaffin takardu?

Littafin jagora da ake sayarwa a kasuwa yana kawo komai a dafe: taƙaitaccen darasi da sharhin baitoci. Ɗalibi zai haddace da wuri, kuma yana taimakon mai raunin nahawu. Matsalarsa ita ce da zarar an sauya lafazin tambaya, hadda ta watse.

Bitar littafin karatu na hukuma tare da takardun jarrabawar shekaru 5 da suka wuce ta fi cin lokaci, amma ita muka fi aminta da ita. A sharhin baiti, ko na Ghalib ko na Iqbal, shahararrun mawaƙan Urdu, ɗalibi zai saba fara ambaton mawaƙin, ya fassara kalmomi masu wuya, sannan ya buɗe ma'ana da kalmominsa. Rubutu da hannu, agogo a gefe, shi ke tona kuskuren haruffa: ز da ذ da ض da ظ duk sautinsu ɗaya ne a Urdu, saɓanin Larabci, nan kuwa maki ke zubewa.

Wanda wata ɗaya ya rage masa ya riƙi jagora, amma ya rubuta insha'i biyu duk mako, malami ya duba.