Ga ƙanne masu niyyar Jami'ar Madina: abin da ake samu nan da abin da sai an yo guzurinsa daga gida

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida. Tambayoyinku kan zaman ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta Madina sun yi yawa, kuma galibinsu kan kuɗi ne. To, kuɗin akwai, amma ba su ne ke kayar da ɗalibi a nan ba. Lokaci da takarda ke kayar da shi.

An buɗe jami'ar a 1961, kuma tun farko don 'ya'yan Musulmin duniya aka gina ta, shi ya sa baƙi suka fi 'yan ƙasa yawa a cikinta. Tsofaffin tsangayoyinta biyar ne: Shari'a, Alƙur'ani, Hadisi, Da'awa da Usuluddin, sai Harshen Larabci. Daga baya aka ƙara injiniyanci da kwamfuta da kimiyya. A nan marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi tsangayar Alƙur'ani. Wanda Larabcinsa bai nuna ba, ma'ahad, wato cibiyar koyon Larabci, ake fara tura shi, matakai huɗu cikin kimanin shekara biyu, gwargwadon inda jarrabawar tantancewa ta ajiye shi. Kada ƙanina ya ɗauki wannan a matsayin raini. Mai haddar Alfiyya ma yakan zo ya kasa rubuta amsa shafi biyu cikin awa ɗaya, don karatun zaure bai saba wa hannu da rubutu ba.

Babban bambanci da gida shi ne kalanda. Ranar da aka ce za a koma, ranar ake komawa. Kun san yadda yajin aikin ASUU ya ci wata tara a 2020, ya ƙara cin wata takwas a 2022. Nan babu wannan, digiri na shekara huɗu shekara huɗu ne. Sai dai sauƙin yana tafe da sandarsa. Ana kiran suna a kowace lacca, a shigar a kwamfuta. Wanda fashinsa ya haura kashi 25 cikin ɗari na laccocin wata madda, wato kwas, ya shiga abin da ake kira hirman: ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba, maddar ta faɗi. Babu wani ɗan aji da zai sa maka hannu. Yawanci ta hanya biyu ake faɗawa ramin nan. Ta farko ita ce makara daga hutun gida, mutum ya tsaya bikin ƙanwa ya rasa makon farko da na biyu. Ta biyu barcin safe ne, don dare a Madina yana da daɗin hira, lacca kuwa da sassafe take farawa. Makon aiki daga Lahadi ne zuwa Alhamis, hutu Juma'a da Asabar.

Makin ci 60 ne, ba 40 ko 45 da aka saba a gida ba. Mumtaz, wato daraja mafi girma, daga 90 yake farawa, ana kuma lissafa matsakaicin maki a kan 5. Idan ya sauka ƙasa da 2, sai inzari, wato gargaɗi, kuma gargaɗi yana taɓa aljihu, don alawus yana tsayawa. Gargaɗi uku a jere kan kai mutum ga sallama.

Shi alawus ɗin, da ake kira mukafa'a, riyal 840 ne a wata ga masu karatun addini da harshe. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kan dala ɗaya, don haka idan aka juya shi zuwa naira sai ya yi kama da albashi, a nan ne kuma iyaye ke yin kuskure. Ɗaki kyauta ne, wuta da ruwa da na'urar sanyaya ɗaki ba a biya, ba a kuma ɗauke su, asibiti kyauta, ga tikitin jirgi zuwa gida a babban hutu. Abinci a ɗakin cin abinci na jami'a da rangwame mai yawa ake saye. Amma data, sabulu, littattafai, kuɗin mota da tufafin sanyi duk daga 840 ɗin nan suke fita, ga harajin kashi 15 cikin ɗari da ke kan kayan kanti tun 2020. Iƙamar ɗalibi kuma, wato takardar izinin zama, ba ta ba shi damar yin aiki ba. Baba da Inna, ku sassauta wa yaro wajen aike. Zai iya turo ɗan abu, ba zai iya riƙe gida ba.

Takardu kuwa, iƙama ita ce uwa. Sai da ita ake buɗe asusun banki, a karɓi katin banki na Mada, a yi rajistar layin STC ko Mobily ko Zain da zanen yatsa. Ba a fita ƙasar sai da bizar fita da dawowa, mai ƙayyadadden wa'adi, wanda ya wuce shi yana gida ya jawo wa kansa doguwar wahala. Matsalar da ta fi damun 'yan gida ita ce suna: fasfo ya ce Muhammad, satifiket ya ce Mohammed, takardar haihuwa ta kawo wata shekarar daban. A gyara wannan tun kafin a cike neman gurbi a dandalin Udrus fis Sa'udiyya.

Abinci shinkafa ce da kaza, yau kabsa gobe bukhari, da safe ful da burodin tamis ko adas. Madara da laban da dabino sun fi na gida araha da tsafta. Abin da babu shi ne ɗanɗano. Yajinsu ba ya kai wa harshen Bahaushe ko'ina. Guzurin da ya fi amfani shi ne yaji, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da garin ɗanwake, a ɗaure su da kyau. Magani kuwa kada a ɗauko wa kowa saƙo, musamman irin su tramadol, hukuncinsu a nan mai tsanani ne. Abin sha'awa, tsire ya riga mu zuwa Hijaz: sairiyya suke ce masa, gadon Hausawan da suka zo aikin Hajji suka zauna tun kaka da kakanni.

Masu sayen kayan wuta su tura gida su lura. Soket ɗin mai ƙafa uku ne irin namu, amma wutar nan 60Hz ce, ta Najeriya 50Hz. Caja da waya da kwamfuta ba ruwansu. Abin da ke da inji mai juyawa a ciki, kamar firji ko injin wanki, a duba bayansa, in ba a rubuta 50/60 ba a bar shi.

Rabin karatun Madina ba a aji yake ba, a Masallacin Annabi (SAW) yake. Motocin jami'a suna kai ɗalibai Harami su dawo da su, akwai darussan malamai bayan Magariba, da halƙoƙin haddar Alƙur'ani da mutun, har mutum ya kai ga ijaza. Wanda ya yi shekara huɗu bai zauna gaban malami ɗaya ya sauke littafi ba, digiri kawai ya kwaso. Shiga Rauda da izinin manhajar Nusuk ne. Umra kuwa, a ɗaura harami a Zul Hulaifa a hau jirgin ƙasa na Haramain, kimanin kilomita 450 cikin awa biyu da rabi, ko bas mai araha da ke cin wajen ninkin haka. Hajji sai da tasrihi, wato takardar izini, kusanci ba lasisi ba ne.

A ɓangaren al'adu, abin da ya fi armashi shi ne Bikin Al'adu da Al'ummomi da jami'a ke yi, inda kowace ƙasa ke kafa rumfa, 'yan Najeriya da Nijar su fito da babbar riga da zanna bukar da kilishi. Amma siyasar ƙungiyar ɗalibai da zanga-zanga irin ta gida babu su, kuma kada a gwada.

Wasanni, ƙwallon ƙafa ce sarauniya. Filaye masu ciyawar roba da fitilu, abin da ɗan wasan NUGA, gasar jami'o'in Najeriya, zai yi sha'awa. Da rani zafi yana haura digiri 40, don haka sai bayan La'asar sosai ko bayan Isha ake bugawa. A sayi takalmi mai ƙananan haƙora na ciyawar roba, mai dogayen ƙusoshi yana kama ƙasa ya murɗe gwiwa. A yawaita shan ruwa, iskar nan busasshiya ce, gumi na bushewa mutum bai san ya ƙafe ba. Masu son kallo akwai kulob ɗin Uhud a cikin gari, kuma musu a ɗakin kwana bai wuce Al-Hilal da Al-Nassr ba. A Al-Nassr ɗin ne Ahmed Musa ya buga daga 2018 zuwa 2020. In kun ji ɗan wasan Saudiyya mai suna Hausawi, kamar Usama Hausawi da ya riƙe musu kambu a gasar duniya ta 2018, jinin gida ne.