Wata huɗu ina buga eshek a Lichess: ga abin da na gani

A fadarmu ta Zango dara muka sani, ta gida talatin da ake tonawa a ƙasa. Eshek kuwa, wadda wasu ke ce wa darar Turawa, ƙanena da ke karatu a Jami'ar André Salifou ne ya kawo mana ita, da allonta mai gida 64. Ya daɗe yana cinye ni, wani lokacin kafin shayin farko ya tafasa. Da ya ga abin ya dame ni sai ya ce, "Yaya, ka sa Lichess a salularka, ka riƙa duba inda kake faɗuwa." Yau wata huɗu ke nan.

Lichess manhajar buga eshek ce ta intanet, kyauta ce, ba a biyan ko dala, kuma babu tallar da za ta tsinke maka tunani ana tsakiyar wasa. Wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, ya kafa ta a 2010, da gudummawar masu wasa take tafiya. Akwai ta da Faransanci, wanda ya yi lakwal ba zai sha wuya ba. Forfe kaɗan take ci.

Abin da ya riƙe ni shi ne bitar da ake yi bayan wasa. Injin Stockfish, wato kwamfutar da ke buga eshek a cikinta, yana bin tafiyarka ɗaya bayan ɗaya, ya sa alamar tambaya ɗaya a kan kuskure, biyu a kan babbar ɓarna, sannan a ba ka dama ka sake neman tafiyar da ta dace da kanka. A nan na gane dabarar ƙanena. Wawansa, wato ɗan wasan da ke tafiya a karkace, yake kaiwa gidan c4 (kowane gida a allon da harafi da lamba ake kiransa), sarauniya h5, su biyun su haɗu a kan sojan f7, wanda sarki kaɗai ke tsaronsa. Maganin bai da tsawo: doki ya fita c6, in sarauniya ta zo h5 ka tura soja g6, in ta koma f3 ka tare ta da ɗaya dokin a f6. Ranar da na yi masa haka ya ɗago kai ya dube ni, na ji daɗi har raina.

Bitar ta kuma nuna mini cewa ba ƙarancin hadda ke kayar da ni ba. Ina fito da sarauniya da wuri, a yi ta korarta, ni ina gudu abokin wasa yana shirya rundunarsa. Tun daga nan na tsaya a kan buɗi ɗaya, wato tsarin tafiyoyin farkon wasa, na Italiya: soja e4, doki f3, wawa c4, sai in ɓoye sarki a bayan sojojinsa. Na ga sabbin shiga suna rige-rigen haddace buɗin Sisiliya tun ba su iya tsare tsakiyar allo ba, a ganina ɓata lokaci ne.

Sashen koyon dokoki ya kashe mana gardama biyu a fada. Sarki ba ya yin rok, wato tafiyar nan ta ɓoye shi a bayan sojojinsa, in ya taɓa motsawa, ko yana cikin hari, ko zai ratsa gidan da ake hari. Kuma in wanda tafiya ta zo kansa ba shi da inda zai motsa, alhali ba a harin sarkinsa, kunnen doki ne, ba ci ba ne. Mun yi makonni muna ƙirga wannan a matsayin nasara.

Wahalar da na sha ta rezo ce. A wasan minti uku, in ya ɗauke na ɗan lokaci agogonka na ci gaba da tafiya, kuma na rasa wasannin da suke hannuna ta haka. Shi ya sa na koma na minti 15 mai ƙarin daƙiƙa 10 a kowace tafiya, wanda ma ya fi ba mutum sararin tunani. In rezon ya ƙi sam, ina karawa da injin, da ke da mataki takwas. Ina na uku yanzu, na huɗu yana cinye ni har yau.

Duk wanda ya tambaye ni a Damagaram, Lichess nake nuna masa, da sharaɗin ya duba bitar kowane wasan da ya faɗi kafin ya buɗe wani. Ni biyu nake bugawa bayan lisha, in bi su a hankali, ran Lahadi kuma mu baje allo da ƙanena a gindin bedi.